Wa Zai Ɗauki Nauyin Jirgin Karkara?

A watan Afrilun 2022, kamfanin JR West, mai tafiyar da jiragen ƙasa a yammacin Japan, ya baje kolin lissafin layukansa na karkara ɗaya bayan ɗaya domin kowa ya gani. Sassa 30 ne a kan layuka 17, kuma babu ko guda da ke mayar da abin da ake kashe masa. Wanda ya fi jan hankali shi ne wani yanki na layin Geibi, tsakanin tashar Tojo da ta Bingo-Ochiai, can cikin duwatsun lardin Hiroshima. Tsawonsa bai cika kilomita 26 ba. Kafin kamfanin ya karɓi yen 100 daga hannun fasinja a wannan yanki, sai ya kashe fiye da yen 25,000. Matsakaicin masu bin sa a rana mutum 11 ne. Bayan wata uku, takwaransa na gabas, JR East, ya fito da nasa lissafin: sassa 66 a layuka 35, da giɓin da ya haura yen biliyan 69 a shekara guda.

Duk wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ce ai magana ta ƙare, a rufe kawai. Kamfanonin ma ba don nishaɗi suka fitar da su ba, share fage suke yi. Sai dai layin karkara, a kowace ƙasa yake, in aka ware shi shi kaɗai aka yi masa lissafi, amsa ɗaya zai bayar. Shi ya sa alƙaluman ba su isa hukunci ba sai an duba me aka zuba cikin lissafin, me aka bari a waje, kuma aljihun wa ake son kuɗin su fito.

Yawancin kuɗin da jirgin ƙasa ke ci ba ruwansu da yawan mutanen da ke cikin tarago. Dogo yana buƙatar dubawa da gyara ko mutum goma ya ɗauka ko dubu goma. Haka gadoji, da ramukan da aka huda cikin duwatsu, da sigina, da mararrabar da dogo ya gitta hanyar mota, da share dusar ƙanƙara a lokacin hunturu. Kamar babban gidan gado ne da 'ya'ya suka watse birni aka bar tsoho ɗaya: damina ba za ta rage masa yaɓe da gyaran indararo ba don shi kaɗai ya rage a gidan. Mai motar bas kuwa ba shi ya shimfiɗa kwalta ba, ba kuma shi ke cike ramukanta ba. Gwamnati ce ke yi da kuɗin haraji, kuma ba wanda ke zuwa ƙarshen shekara ya tambayi hanyar ƙauye ribar da ta kawo. A Japan, kamfanin jirgi shi ke da dogo, shi ke da tarago, shi ke biyan komai daga kuɗin tikiti. Don haka duk asarar jirgi tana taruwa a littafi ɗaya inda ido ke ganinta, ta hanyar mota kuwa ta ɓace cikin kasafin ƙasa. Wannan bambanci shi ne rabin rigimar.

Ɗaya rabin kuwa gaskiya ce mai ɗaci: mutanen sun tafi. Yawan al'ummar Japan ya kai ƙololuwa wajen 2008, kusan miliyan 128, tun daga nan yake raguwa, kuma karkara ta riga birni fara zubewa da shekaru masu yawa. Waɗanda suka rage kusan kowane gida da mota, manyan hanyoyi kuma sun bi kwarurrukan da dogo ya bi, sun ma fi shi miƙewa. Mutum iri biyu suka rage wa jirgin karkara: 'yan makarantar sakandare da shekarunsu ba su kai na tuƙi ba, da tsofaffin da shekaru suka raba da tuƙi, masu zuwa asibiti. Su ne suka fi kowa buƙatarsa, su ne kuma suka fi kowa ƙarancin abin biya. Ɗalibi da tikitin rangwame yake hawa, kuma duk shekara ajin yana ƙara raguwa.

Japanawa na da ma'aunin da suke auna layi da shi: matsakaicin mutanen da ke ratsa kowace kilomita a rana. A 1980, lokacin da bashi ya yi wa hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati katutu, an kafa doka aka ja layi a 4,000, wai abin da ya gaza haka bas ta fi dacewa da shi. A ƙarƙashin wannan doka aka cire layuka 83, fiye da kilomita 3,000, daga hannun hukumar. 45 suka koma hanyar bas, sauran aka miƙa wa ƙananan kamfanoni, galibinsu na haɗin gwiwa da hukumomin yankuna. Da aka zo 2022, kamfanoni da 2,000 suka yi awo. A shekarar kuma wani kwamitin ma'aikatar sufuri ya ce a fara zama a kan waɗanda ba su kai 1,000 ba. Yadda wannan mizani ke sauka duk bayan wani lokaci ya nuna cewa ba hukuncin injiniya ba ne. Iyakar abin da siyasar lokacin za ta iya haɗiyewa ce.

A ranar 1 ga Afrilun 1987 aka wargaza hukumar, da bashin da ya kai wajen yen tiriliyan 37, aka raba ta kamfanoni shida na fasinja da ɗaya na kaya. Uku da ke babban tsibirin Honshu sun samu Tokyo da Osaka da Nagoya da jiragen nan masu gudun tsiya na Shinkansen, aka bar musu layukan karkara su riƙa ciyar da su daga ribar birni. Tsarin ya yi aiki fiye da shekara talatin, ma'aikacin ofis a Tokyo yana biyan kuɗin jirgin ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba. Annobar korona ce ta fasa ƙwai. A shekarar kuɗi ta 2020, JR East ya tafka asarar da ta haura yen biliyan 570, karo na farko tun kafa shi, kuma da annoba ta lafa ba duka masu zuwa ofis suka dawo ba. Ga shi waɗannan kamfanoni yanzu na masu hannun jari ne, masu tambayar ina riba. Wannan ne ya sa aka buɗe littattafan a 2022.

Tsibiran Hokkaido da Shikoku da Kyushu kuwa tun farko an san ba su da birnin da zai ɗauki nauyin sauran. Sai aka yi dabara: aka ware wa kowane kamfani wani asusu, ya riƙa cike giɓinsa da kuɗin ruwan da asusun ke haifarwa. Na Hokkaido ya kai yen biliyan 682, kuma an yi lissafin ne bisa ruwan kashi 7.3 cikin ɗari, abin da zai ba da kusan biliyan 50 a shekara. Ba a daɗe ba tattalin arzikin Japan ya shiga dogon sanyi, kuɗin ruwa ya faɗi warwas, abin da asusun ke kawowa ya zube. Kamfanin ya shiga tsimi, kuma inda ya fi sauƙin tsukewa ba tare da an gani nan take ba shi ne gyaran dogo. Sakamakon ya fito fili: a 2011 wani jirgin fasinja ya sauka daga dogo ya kama wuta cikin rami a layin Sekisho, a 2013 kuma bayan jirgin kaya ya kauce a tashar Onuma aka gano ma'aikata na sauya alƙaluman binciken dogo. A Nuwamban 2016, JR Hokkaido ya fito ya ce kilomita 1,237, kusan rabin layukansa, ba zai iya riƙe su shi kaɗai ba.

Ba kasafai layi ke mutuwa dare ɗaya ba. Fasinja ya ragu, sai a rage jirage; jirage sun ragu, sai wanda ke da wata mafita ya daina dogaro da su; sai a sake ragewa. A wasu layukan yammacin Japan, maimakon a kashe kuɗi a kare dogo daga faɗowar duwatsu, sai a umarci direba ya riƙa rarrafe a wuraren haɗari, har mai keke ya kusa tsere masa. Tashar Shin-Totsukawa da ke Hokkaido ta kai matsayin da jirgi ɗaya tak ke zuwa a rana, ya iso da hantsi ya juya. Wa zai tsara zuwa aiki ko asibiti a kan irin wannan? Da aka rufe wannan sashe a 2020, an kafa hujja da rashin fasinja, kuma ba ƙarya aka yi ba. Amma mai yanke hukuncin yana da hannu a hujjar.

Sau da yawa kuma ruwa ne ke yanke hukuncin da 'yan siyasa ke tsoron yankewa. A Janairun 2015 igiyar teku ta cinye ƙasan dogo a layin Hidaka da ke Hokkaido. Aka dakatar da jirgi, aka sa bas ta wucin gadi, aka shiga jayayyar wa zai biya gyara. Shekara shida ana wannan, har a 2021 aka rufe sashe mai kilomita 116 gaba ɗaya. Haka ta faru da sashen Furano zuwa Shintoku, wanda guguwar 2016 ta lalata wani ɓangarensa, aka rufe shi a 2024. Ga kamfanin da dama yake neman hanyar fita, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Kafin a gama taro mutane sun saba da rashin jirgi, ɗaliban da suka yi kuka sun gama makaranta.

Birtaniya ta riga Japan shiga wannan rami, kuma abin da ya same ta ya isa a yi karatu a kansa. A Maris na 1963, Dokta Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasar, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da kusan kilomita 8,000 na dogo. Hujjarsa mai ƙarfi ce: kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar kashi 1 cikin ɗari kacal na zirga-zirga suke ɗauka. An aiwatar da mafi yawan shawarar, amma hukumar ba ta fita daga asara ba. Dalili guda shi ne ƙaramin layi yana shayar da babba. An zaci wanda aka rufe wa tashar garinsu zai tuƙa mota zuwa babbar tasha ya hau jirgi, sai ga shi da yawa in sun tayar da mota ba sa tsayawa sai inda za su. An kuma auna tashoshi da tikitin da aka sayar a cikinsu, alhali garin shaƙatawa na bakin teku baƙinsa a wani gari suke yanko tikitin zuwa da dawowa. Bas ɗin da aka yi alƙawarin za su maye gurbi, da dama cikinsu ba su yi ƙarko ba. (Ministan sufurin da ya naɗa Beeching, Ernest Marples, da kamfanin gina hanyoyin mota ya yi arziki, abin da masu suka ba su taɓa mantawa ba.) A 1968 gwamnati ta sauya salo, ta kafa dokar biyan tallafi ga layukan da al'umma ke buƙata ko da ba sa riba. Layin Waverley na kudancin Scotland bai tsira ba, an rufe shi a 1969. Sai a 2015 aka sake buɗe kusan kilomita 50 daga cikinsa, daga Edinburgh zuwa Tweedbank, a kan kuɗin da ya kusa fam miliyan 300, bayan an sha fama da gine-gine da hanyoyin da aka aza a kan tsohon filin dogon.

Kada wannan ya sa a ɗauka kowane layi ya cancanci ceto. Ni dai ban ga hikimar kashe ɗaruruwan miliyoyi a kan mutum goma sha ɗaya ba, in har rabin kuɗin zai kawo musu motar da za ta tsaya a ƙofar asibiti da ƙofar makaranta sau goma a rana. An shimfiɗa yawancin waɗannan layuka ne domin kwal da katako, shi ya sa tasha kan kasance nesa da inda mutane ke zaune yau. Garin Yubari na Hokkaido misali ne mai kyau. Garin haƙar kwal ne da ya taɓa ɗaukar mutum fiye da 110,000, yau bai kai 7,000 ba, har hukumar garin ta tsiyace a 2007. Magajin garin a shekarun da suka biyo baya, Naomichi Suzuki, wanda daga baya ya zama gwamnan Hokkaido, bai jira a zo masa da takardar rufe layin garin ba. Shi ya je wa kamfanin da tayin a rufe, bisa sharaɗin a taimaka wa garin ya gina tsarin sufurin da zai maye gurbi. Ya samo yen miliyan 750, aka rufe layin a 2019. Wasu sun zage shi, amma ya yi ciniki tun kayansa na da sauran daraja, abin da garuruwan da suka tsaya jayayya har ruwa ya cinye dogonsu ba su samu ba.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓi riƙewa, suka sa hannu a aljihu. Ambaliyar Yulin 2011 ta tafi da gadoji a layin Tadami, a lardin Fukushima, a wani sashe da masu bin sa ba su kai 50 a rana ba. JR East ya so a koma bas. Lardin da garuruwan yankin suka ƙi, saboda wuri ne mai tsananin dusar ƙanƙara, kuma suna ganin layin shi ne abin da ke kawo musu baƙi masu yawon buɗe ido. Aka daidaita a kan raba dogo da jirgi: lardi ya karɓi mallakar dogon da nauyin kula da shi, kamfani kuma ya riƙa tafiyar da jirage a kai. A ranar 1 ga Oktoban 2022 jirgi ya dawo bayan shekara goma sha ɗaya. Ko shawarar ta yi daidai, ana iya musu, domin ɗaruruwan miliyoyin yen ne duk shekara daga garuruwan da su ma tsufa suke yi. Abin da ya burge ni shi ne an mayar da dogo matsayin hanyar mota, wato kayan jama'a da ake biya da haraji, kuma waɗanda suka ce suna so su ne suka ɗauki nauyi. Jamus ta bi wannan hanya tun 1996: gwamnatin tarayya na ba jihohi kuɗi, kowace jiha ta yanke irin jiragen da take so a yankinta, ta ba kamfani kwangila. Asarar ba ta ɓace ba, amma ta zama sayayyar da majalisa ta amince da ita, ba abin kunyar da kamfani ke neman hanyar yarwa ba. Japan ma ta ɗan matso: dokar da ta fara aiki a Oktoban 2023 ta ba gwamnatin tsakiya ikon zaunar da kamfani da hukumomin yanki a teburi ɗaya in ɗayansu ya nema.

Labaran da jaridu suka fi so su ne na dabaru. Wani ƙaramin kamfani a Wakayama ya naɗa kyanwa mai suna Tama shugabar tasha a 2007, baƙi suka yi ta tururuwa. Kamfanin jirgin Choshi kuwa abin da yake samu daga sayar da biskit na shinkafa ya fi abin da yake samu daga tikiti. Abin sha'awa ne, amma gajerun layuka ne kusa da birane, kuma kyanwa ba ta gina gada.

Akwai wani abu da lissafin fasinja ba ya nunawa sam, wato kaya. Yankin Kitami na Hokkaido shi ne kan gaba wajen noman albasa a Japan, kuma duk kaka jirgin kaya ke kwasar ta ta layin Sekihoku, ɗaya daga cikin layukan da JR Hokkaido ya ce sun fi ƙarfinsa. Kamfanin jigilar kaya ɗan abin da yake biya na hayar dogo kaɗan ne, bisa tsarin da aka yi tun 1987. Mai cin albasa a Tokyo yana amfana da layin, amma ba a littafin layin ake rubuta amfanin ba.

Mu a Arewa wannan labari ba baƙo ba ne, ko da yake tamu ta zo da wata fuskar. Ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru domin kwasar kuza, wanda aka kammala a 1914, ya rasa aikin yi bayan an haɗa Jos da babban layi ta Kafanchan a 1927, aka rufe shi a 1957. Layin Ƙaura Namoda na 1929 da na Nguru na 1930 domin gyaɗa da auduga da fatu da shanu aka yi su, kuma garuruwa irin su Malam Madori a bakin tasha suka girma. Da fari da cutar gyaɗa suka rushe dalar gyaɗa a shekarun 1970, kuɗin mai kuma ya shimfiɗa kwalta ya cika ta da tireloli, sai waɗannan layuka suka rasa kayan da ke riƙe su. Bambancinmu da Japan shi ne mu ba mutane muka rasa ba, garuruwan ƙaruwa ma suke yi. Sannan a nan ba a cika sanar da mutuwar layi ba, balle a buga lissafinsa a yi muhawara. Jirgi ne zai riƙa zuwa jefi-jefi, wata rana a wayi gari ciyawa ta rufe dogo, 'yan kasuwa sun kafa rumfuna a kai, ɓarayin ƙarfe sun fara kwance shi. Yanzu da ake shimfiɗa sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, tambayar da ta dami Hokkaido, wato wa zai biya kuɗin kula da dogo bayan an gama bikin buɗewa, ta cancanci amsa a rubuce tun kafin jirgin farko ya tashi.

A Japan ɗin ma, mafitar da aka daɗe ana dogaro da ita ta fara tangal-tangal. Duk lissafin rufe layi an gina shi ne a kan cewa bas na nan tana jira. To, direbobin bas su ma tsufa suke yi, matasa ba sa son aikin, kuma tun Afrilun 2024 doka ta taƙaita awannin da direba zai iya ƙarawa a kan aikinsa. Kamfanonin bas na soke zirga-zirga har a cikin manyan birane. A 2022 hukumomin da ke kan layin Oshamambe zuwa Otaru a Hokkaido, mai tsawon kilomita 140, sun amince a rufe shi a koma bas da zarar Shinkansen ya isa Sapporo, har da sashen Yoichi zuwa Otaru da ke ɗaukar mutum wajen 2,000 a rana. Da aka je wa kamfanonin bas da maganar, sai suka nuna ba su da direbobin da za su kwashi wannan jama'a, musamman cincirindon ɗalibai da safe. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Abin da ya ba layin sauran numfashi a yanzu shi ne haƙar ramukan Shinkansen ta ci karo da duwatsu masu taurin kai, har an ɗage isarsa Sapporo daga 2030 zuwa wajen ƙarshen shekarun 2030.